Batirin Jirgin Masunci: Tsakanin Dokin Sukuwa Da Raƙumin Fatake

A watan Maris na shekarar 2023 taubashina, wato ɗan kawuna, ya bugo mini waya daga Wurno da wata buƙata wadda a lokacin na ɗauke ta ƙaramin abu. Ya sayo injin jirgin ruwa na hannu daga Yawuri, Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake tayarwa da makulli, yana kuma son in sayo masa batir a Sakkwato in aika masa a mota. Dalilinsa na ɗora mini wannan aiki shi ne, a faɗarsa, duk zuriyarmu ni ne mai karanta Turancin da ke jikin kaya. Na amsa ba tare da wani dogon tunani ba, domin mutumin da ya fi shekara goma yana sayen batirin motarsa, me zai gagare shi a batirin kwalekwale? Na shiga kasuwa, mai shago ya tambaye ni amfis nawa nake so, na ce ya ba ni mai ƙarfi. Ya sauko da na mota mai lamba 75, na ɗaga na ji nauyi, na biya, na kai tasha. Wata biyar bayan haka wannan batir ya kusa zama sanadin ajalin mutum uku a tsakiyar madatsar ruwa ta Goronyo, kuma har yau idan na tuna nakan ji cewa ina da kaso a cikin laifin.

Ya kamata in yi wa mai karatu wanda bai san yankin ba ɗan bayani. Dangin mahaifiyata masunta ne na gefen Lugu a ƙasar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya kuma rasu aka rufe shi a 1837. Iyayensu da kakanninsu sun yi su a gulbin Rima da tafkunan fadamarsa, da gora da homa da birgi, kuma ruwan da suka saba da shi ruwa ne da mutum ke hango gaɓarsa ta ko'ina. Da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, sai aka sami wani irin ruwa da ba su gada ba. Tsawon ginin madatsar ya kai kilomita 12 da rabi, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 na ma'aunin cika. Halinta kuma ba ɗaya ba ne kullum: a Satumban 2010 ta cika ta batse, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a farkon 2018 kuwa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sanar cewa ruwan ya janye har saura kusan kashi 10 cikin 100. A shekarar da ta cika, masunci zai iya yin nisan da filafili ba zai maido shi gaɓa da wuri ba idan iska ta taso. Wannan ne ya sa masu ɗan hali suke sayen inji.

Gaskiya ce cewa mafi yawan masuntan yankin har yanzu da filafili da gwangwala suke tuƙi, masu injin ma akasarinsu igiya suke ja. Sai dai batir ya riga inji shiga jirgi. Wanda ba shi da inji ma za ka same shi da ɗan batirin babur ko tsohon na mota a ƙarƙashin katakon zama, yana kunna fitila da dare lokacin duba kalli da mamari, yana cajin waya, yana sauraren rediyo. Saboda haka da taubashina ya sami batir sabo fil, mai nauyi, bai ga dalilin da zai sa ya ajiye shi don murɗa makulli kawai ba. Ya ja waya ya ɗaura ƙwayaye biyu masu haske, ya haɗa wurin cajin waya, abokan sana'a ma suka riƙa miƙo nasu. Sau biyu a mako yakan sauke shi ya kai wa mai caji da janareta a bakin ruwa.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka janye tallafin man fetur. Kuɗin caji ya tashi, sau biyun nan ta koma sau ɗaya. Injin da a da yake barinsa yana aiki yana zagaya raguna, yanzu sai ya tayar da shi ya kai wurin su ya kashe, sauran zirga-zirga da filafili. A wani dare cikin watan Agusta suna can nesa da gaɓa, shi da ɗansa da wani yaronsa, hadari ya haɗo daga gabas. Duk wanda ya tashi a wannan ƙasa ya san iskar da ke gaban irin wannan hadari. Suka tattara abin da za su iya tattarawa, ya murɗa makulli, inji ya ce ƙyas, ya yi shiru. Ya sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ma babu, fitilun suka dushe suka koma ja. Igiyar ja ta injin kuwa ta tsinke tun a Yawuri, bai damu ya gyara ba, tunda ga makulli. Ruwa ya fara shiga jirgi, yaran biyu suna kwarfewa da ƙwarya, shi yana fama da filafili don kada igiyar ruwa ta buge su ta gefe. Abin da ya cece su, bayan ikon Allah, wani dattijo ne daga cikin Sarkawa da ke kusa, wanda ya ji ihunsu ya matso, ya ce a cire hular injin, ya yanko igiya daga jikin raga, ya naɗa ta a babban faifan ƙarfen da ke saman injin, ya fizga sau uku, inji ya kama.

Da gari ya waye ya kira ni. Wasan taubasantaka bai bar shi ba ko a wannan hali. Ya ce, "Dokta, wanga batir naka ya kusa aika mu lahira. Ashe dai doktan halshe kake, ba na batir ba." Na yi dariya a waya, amma na kwana biyu abin yana cina. Na sa aka aiko mini da batirin, na jefa shi a bayan mota da niyyar in mayar wa mai shago in ce ya sayar mini da jabu.

Ban kai ga mai shagon ba sai wata ta'aziyya ta kai ni Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wadda ke bakin gulbin Sakkwato. A can motata ta ƙi tashi, aka nuna mini rumfar wani dattijo mai gyaran wayar mota. Yana cikin aiki ya ga batirin a baya, ya tambaya, na ba shi labari, har da ƙudurina na zuwa rigima. Ashe ya yi ƙuruciyarsa a Yawuri yana gyaran injinan jirage. Ya ɗora mita a kan batirin, ya buɗe murafensa ya leƙa, sannan ya ce, "Malam, kada ka tahi ka ɗauki alhakin mai shago. Batirin ga ba jabu ba ne. Dokin sukuwa anka ba ka, kunka ɗora mai kayan raƙumi." Ya ce doki zai zabura ya bar kowa a baya, amma a ɗora masa buhunan gishiri a ce ya yi kwana arba'in yana tafiya, sai a binne shi a hanya. Raƙumi kuwa zai kai gishirin, amma ba a kai shi filin sukuwa. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin ma'ana a aji, ban taɓa yin bayani mai kama hankali kamar wannan ba.

Bayan na dawo na bi littattafai, na tarar abin da dattijon ya faɗa shi ne abin da ke rubuce, illa dai shi ya fi su iya faɗa. Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, ɗakuna shida ne a jere, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya, su haɗu su ba da 12 da 'yan kai. A cikin kowane ɗaki akwai farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Wanda aka ƙera don tayar da inji, farantansa sirara ne kuma masu yawa, domin asid ya taɓa wuri mai faɗi a lokaci guda, wuta mai yawa ta fito cikin ƙiftawar ido. Wanda aka ƙera don fitila da sola da inbata kuwa, farantansa masu kauri ne, wutarsa a hankali take fita, amma yana jure a zuƙe shi a sake cika shi sau ɗaruruwa. Idan aka riƙa zuƙe na farko har ƙasa, siraran farantan nan sai su riƙa zubar da abin da ke jikinsu, idan kuma aka bar shi ya kwana ya wuni babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a kansu wanda caji ba ya narkar da shi. Ranar da aka buƙaci zabura sai a tarar babu.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne, kuma shi ne ya fi ba ni kunya, domin ɗan aji uku na sakandare zai iya yin sa. A ce na'urar tayar da injin tana jan amfiya 150 na tsawon daƙiƙa biyar. Abin da ta ci kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na amfiya ɗaya ta awa guda, wato a batir mai lamba 75 ko ɗigo bai kai ba. To amma ƙwayaye biyu masu wat 20 kowanne suna jan fiye da amfiya 3, idan suka yi awa takwas a kunne sun cinye kusan 27 daga cikin 75 ɗin nan, ban da wayoyi. Shi kuwa ƙaramin injin jirgi ba mota ba ne. Abin da yake mayar wa batir kaɗan ne, a irin wannan inji wajen amfiya 6 ne, shi ma sai an ba shi wuta sosai. Tafiyar minti arba'in, zuwa da dawowa, ba za ta mayar da fiye da 4 ba. Ke nan kowane dare ana cin bashin sama da 20, dare uku sun isa su kai batirin ƙasa. Taubashina ya yi wata biyar yana wannan, rabinsu da caji sau ɗaya a mako. Abin mamaki ma shi ne da batirin ya kai Agusta.

Yanzu bari in koma kan tambayar mai shago, wato amfis nawa nake so. Wannan lamba da muke ciniki da ita, 45 ko 62 ko 75 ko 100, wadda ake rubuta Ah a gefenta, awon yawan abin da ke cikin rumbu ne, ana kuma auna ta ne ta hanyar zuƙe batirin a hankali cikin awa 20. Ba ta faɗin faɗin ƙofar rumbun. Lambar da ke faɗin ƙarfin zabura daban take, kuma sau da yawa da ƙananan baƙaƙe ake rubuta ta. Idan ka ga CCA, ana nufin yawan amfiyar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. Idan ka ga MCA, awo ɗaya ne amma a digiri sifili, shi ne kuma wanda aka fi bugawa a batiran jiragen ruwa. Da yake sanyin na biyun bai kai na farko ba, lambarsa takan fi girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka wanda ya gwada CCA na wannan da MCA na wancan ya yaudari kansa. Akwai kuma RC, mintocin da batir zai yi yana ba da amfiya 25 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. Kowane inji mai makulli yana da littafi wanda ya faɗi mafi ƙarancin waɗannan lambobi da yake buƙata, kuma daga nan ya kamata ciniki ya fara. Injin da aka sayo na hannu ba ya zuwa da littafi, amma lambar ƙirarsa tana nan a jikin maƙalarsa, duk mai waya a hannu zai iya nemo littafin a intanet. Ni da ke da wayar da karatun ban yi ba.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Goronyo da digiri 18 ƙasa da sifili? Tambaya ce mai kyau. An tsara wannan awo ne don ƙasashen da sanyi ke daskarar da man inji, kuma amfaninsa a wurinmu bai wuce na gwada batir da batir ba. Mu abokin gabarmu zafi ne. Masana sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana haura 40 a inuwa. Baƙin batirin da aka bari a buɗe cikin jirgi a bakin ruwa daga hantsi zuwa la'asar dafuwa yake yi. Ruwansa yana ƙonewa, farantai su fito fili, su lalace. Don haka a wurinmu tambayar ko ana iya buɗe batir a ƙara masa ruwa tana da nauyi ƙwarai. Dattijon Rabah ya ja kunnena a kan batiran da ake liƙewa, waɗanda ake tallarsu da cewa ba su buƙatar kulawa. Ya ce da yawa daga cikin tsofaffin injinan nan masu haɗa fetur da baƙin mai ba su da abin da ke tsayar da caji idan batir ya cika, sai su yi ta ɗura masa. Mai murfi zai ƙone ruwa a ƙara masa, liƙaƙƙe kuwa sai ya bushe ko ya kumbura. Haka nan batiran litiyam da suka shigo kasuwa tare da sola, masu sauƙin ɗauka, suna da wata na'ura a ciki wadda ke yanke wuta da kanta, kuma yanke batir daga injin da ke aiki yana iya ƙone rektifaya. Wanda ba a ƙera shi don tayar da inji ba, a bar shi a kan fitila.

Sauran abin da ya koya mini na ido ne da hannu. Batirin da ya cika, ya kuma huta, mita za ta nuna 12.6 ko sama da haka kaɗan, idan ta nuna 12.2 rabi ne ya rage, kuma sabon batirin da ya nuna haka a shago ya daɗe a kan kanta, domin batir yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. A duba ranar ƙira, a kuma sa mai shago ya gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi, saboda mita kaɗai takan nuna lafiya a batirin da ba zai iya juya inji ba. A cikin jirgi a yi masa akwati mai ƙofar iska, a ɗaga shi daga ruwan da ke taruwa a ƙasa, a ɗaure shi don kada ya riƙa tsalle, tunda girgiza ma tana kakkaɓe farantai. A nisanta shi da jarkar fetur, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta. A ɗaure kawunansa da noti. Na ga jirage a bakin madatsar da aka buga ƙusa tsakanin waya da kan batir don ta kama, kuma da yawa daga cikin batiran da ake cewa sun mutu, tsatsar kai ce kawai ta hana wuta wucewa.

A nan ne sana'ata ta shigo, kuma a nan ne nake ganin asalin matsalar take. Na taɓa zama da masunta a Wurno da Goronyo ina tattara kalmomin su. Mutanen nan ba su haɗa tarwaɗa da ragon ruwa, ba su haɗa ƙurungu da ƙarfasa, kowace raga da sunanta, birgi daban, kalli daban, taru daban, kowace iska ma sun san ta da lokacinta. Har kifin da ke da wutar lantarki a jikinsa suna da sunansa, minjirya, tun kafin kalmar lantarki ta shigo Hausa. Abin sha'awa, shi kansa Alessandro Volta, Ba'italiyen da ya haɗa batir na farko a 1800, da gaɓar irin waɗannan kifaye masu wuta ya kwatanta abin da ya ƙera. To mutanen da suka rarrabe duniyarsu dalla-dalla haka, mun miƙa musu abubuwa biyu masu hali daban da suna guda: batir. Wanda ba shi da suna biyu ba zai tambayi mai shago wanne ne ba, mai shagon ma sau da yawa ba shi da kalmar da zai tambaya da ita, sai dai amfis nawa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Muna cewa batir ya mutu idan caji ya ƙare, muna kuma cewa ya mutu idan ya lalace har abada, alhali na farko suma ce, kuma barinsa cikin sumar ne ke kai shi ga mutuwar gaske. Mafi haɗari ita ce kalmar ruwan batir. Da ita muke kiran asid, har mukan ji a labarai an watsa wa wani ruwan batir, da ita kuma muke kiran tataccen ruwan da ake ƙarawa idan na ciki ya ragu. Abin da ke ƙonewa ya fita ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Amma a aiki yaro ya sayo ruwan batir, wa ya san da wanne zai dawo? Wasu kuma, da yake an ce ruwa, sai su ɗebo na gulbi ko na rijiya su zuba, gishirin da ke cikinsa ya ƙarasa farantan.

Mu masana harshe mun yi ƙoƙari a inda ya shafe mu. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Muna da sunan kowane irin baƙi da wasali da ɗafi. Amma ban san ranar da muka zauna da masu gyaran waya da masu sayar da kayan sola muka tambaye su yadda suke rarrabe kayansu da baki ba, balle mu taimaka a yaɗa abin da suka riga suka ƙirƙiro. Ba sai an kafa kwamiti ba. Dattijon Rabah yana cewa mai zabura da mai jimiri. Ni na fi son batirin tashi da batirin jimiri, sannan a bar ruwan batir wa asid, a kira ɗayan tataccen ruwa. Idan gidajen rediyon Sakkwato suka riƙa faɗin haka a shirye-shiryen manoma da masunta na damina ɗaya, ina kyautata zaton kalmomin za su zauna, kamar yadda caji da sola suka zauna ba tare da izinin kowa ba.

Kada a ɗauka ina kambama ƙaramin abu. Ruwan wannan yanki yana cin rayuka. A ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025 jirgi ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da aka fi ambata a wannan haɗari shi ne lodi fiye da kima, kuma maganar rigar ruwa da iyakance lodi ita ce gaba da komai. Amma jirgin da injinsa ya ƙi tashi a gaban iska, ko ya mutu a tsakiyar ruwa mai gudu, ya rasa abin da zai juya goshinsa ya fuskanci igiyar ruwa, kuma daga gefe ruwa ke kifar da jirgi. Ga kuma halin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki shekarun nan, wanda ya sa kwana a inda ba a yi niyya ba ya zama abin tsoro na daban. Akwai wani abu kuma da ke tafe. Tsofaffin injinan nan suna samar da wutar fulogi da kansu, shi ya sa igiyar dattijon Basarke ta yi aiki duk da batir ya sauka. Sababbin injina masu na'ura mai sarrafa mai, waɗanda kamfanoni suka fi ƙerawa yanzu, da yawansu ba su tashi sam idan batir ya yi ƙasa. Ranar da suka iso bakin madatsar a matsayin na hannu, kuskuren da igiya ke rufewa yau ba zai rufu ba.

Mataccen batirin ya yi wata biyu a bayan motata. Taubashina ya so in mayar masa ya fasa ya narka dalmar ya yi wa birgi nauyi, kamar yadda masunta da dama ke yi a tsakar gida, a kan murhun da ake girki, yara suna kallo. Na hana. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba zai so a narka ta a gidan da ake rarrafe ba. A can daga duwatsun zinariya ta fito, amma dalma dalma ce. Na ba mai shago shi a matsayin musaya, ya rage mini wani abu a kuɗin sabo, na kuma ba shi labarin doki da raƙumi, ya ce zai riƙa tambayar masu saye abin da za su yi da shi. Ko yana yi, ban koma na duba ba.

Yanzu batir biyu ne a jirgin taubashina. Na tashi yana cikin akwatin katako a baya, babu abin da ke haɗe da shi sai injin, kuma na ce ko ni na roƙi cajin waya a jikinsa kada ya ba ni. Na jimirin yana gaba, shi ke riƙe da fitilu, da rana kuma ƙaramin faifan sola ke cika shi a bakin ruwa. Kuɗin biyun ya yi masa nauyi, sai da muka raba, kuma ya ce kasona diyya ce ba taimako ba. An gyara igiyar ja, akwai kuma wata a naɗe a ƙusa kusa da injin, ɗansa ya koyi cire hula da naɗa ta cikin duhu. Da na je Wurno da sallar da ta wuce na tambaye shi lafiyar batir, sai ya ce, "Wane ciki, Dokta, dokin ko raƙumin?"